Ranar da Hure Ta Ambaci Sunan Ɗanta

A shekarar 2017 aka kafa dogon ƙarfen sadarwa a bayan makarantar firamare ta Kanyar Maƙera, ƙauyenmu da ke gabas da Ɗambatta. Kafin wannan shekara, duk mai son yin waya sai ya hau tudun da ke kusa da maƙabarta, ya ɗaga hannu sama yana neman sabis. Da aka kafa ƙarfen, waya ta shiga har ɗakunan mata, kuma ta zo da hoto mai motsi. A cikin mutanen da wannan sauyi ya taɓa babu kamar Hure, matar marigayi Malam Khalilu, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasu. A shekarar ne ta fara ganin fuskar jikarta Zakiyya, wadda aka haifa a Ingila.

Hure ba sananniya ba ce ko a cikin ƙauyen. Sana'arta saƙar faifai. Tana jiƙa kaba, ta tsaga ta, ta rina wani kaso ja wani kaso kore, ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida tana saƙa har rana ta karkata. Ɗanta na biyu, Badaru, shi yake ɗaure fayafayan a bayan babur ya kai Ɗambatta ranar kasuwa. Ba ta da yawan magana, amma in ta sami wanda take wasa da shi, bakinta yana da kaifi, kuma tana iya sa matan gida dariya ba tare da ita ta ko murmusa ba.

Ɗanta na fari shi ne Kamaruddeen, wanda ta haifa a 1981. Matasan yanzu suna jin labarin kunyar ɗan fari kamar tatsuniya, saboda haka ya kamata in faɗi yadda take a wurinmu a wancan zamani. Uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta kallon fuskarsa in yana gaishe ta. In an tambaye ta ko nata ne, sai ta sunkuyar da kai wani ya amsa mata. Macen da ta kiyaye wannan ita ake kira mai tarbiyya, kuma da ita ake yi wa amare misali.

Hure ba ta fara da kiyayewa ba. Wata rana, jaririn bai kai wata uku ba, yayar mijinta Sakinatu ta ɗaga asabarin ɗaki ba sallama, ta tarar da ita ta ɗora shi a cinya tana yi masa rawa, tana kiran sunansa a hankali. Sakinatu ta saki asabarin, ta fita tsakar gida tana tafa hannu.

“Ku zo ku ga amaryar zamani,” in ji ta. “Tana can tana kiran Kamaru, Kamaru, sai ka ce ita ta raɗa masa. Gobe ma sunan mijinta za mu ji.”

Matan gidan suka yi ta dariya har kwanaki, surukarta kuma ta kira ta ɗaki ta yi mata faɗa mai zafi. Daga ranar Hure ba ta ƙara ba. Da aka yaye yaron, Sakinatu, wadda take auren wani ɗan kasuwa a Kano kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta goya shi ta tafi da shi. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a lokacin. Ɗan fari na dangi ne, kuma babu wanda ya tambayi Hure ra'ayinta.

Yaron ya tashi a birni yana kiran Sakinatu Umma. In an yi hutun makaranta akan kawo shi ƙauye. Yakan durƙusa a ƙofar ɗakin Hure ya ce, “Inna, ina kwana,” ita kuma ta amsa da kalma ɗaya, fuskarta tana kallon bango. Da rana yakan tarar da dafaffen ƙwan zabi a ɓoye a ƙarƙashin dambunsa, wanda babu shi a kwanon sauran yara, amma ba a taɓa gaya masa wanda yake sa masa ba. Ya yi karatu mai zurfi a fannin haɗa magunguna, ya auri Fauziyya, 'yar maƙwabtan Hajiya Sakinatu a Rijiyar Zaki, ya sami aiki a wani asibiti a Ingila. A bikinsa Hure ba ta fito ba, domin uwar ɗan fari ba ta nuna kanta. Da mahaifinsa ya rasu ya zo ta'aziyya, ya koma bayan sadakar uku.

Da waya ta samu, yakan kira Badaru da Sallah ko in an yi rasuwa a dangi. In fuskarsa ce a kan gilashin wayar, Hure ba ta ɗaga kai daga saƙarta. Sai dai ta ce da Badaru, “Ka ce da mutumin naku ya riƙa rufe ƙirjinsa, an ce ƙasar akwai sanyi.” Amma da zarar an ɗora Zakiyya a gaban wayar, sai ta ajiye kaba ta karɓa da hannu biyu. Abin da al'ada ta hana uwa a kan ɗanta na fari, ta sakar mata shi gaba ɗaya a kan 'ya'yansa. Jika abokin wasa ne. Kaka tana iya rungumarsa, ta tsokane shi, ta kwana da shi a gado ɗaya, ta kira sunansa da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Yarinyar takan ɗaga hannu, ta faɗi wata kalma da Turanci, ta gudu. Hure takan yi mako tana ba da labarin wannan ɗaga hannun.

A 2023 Kamaruddeen ya aiko cewa zai kawo iyalinsa gida a dogon hutun makarantun can, domin su ga dangi da tsofaffin abokai. Hutun nasu ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin marka, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, maza suna gona tun asuba, gero kuma bai nuna ba. Duk da haka Hure ta shiga shiri. Ta sa aka sake yaɓe ɗakinta, aka toshe inda yake yoyo. Ta aiki Badaru ya sayo sabon gidan sauro. Ta ware damin gero guda ta hana a taɓa shi, ta ce na furar baƙi ne. Burinta bai wuce biyu ba, kuma ta faɗe su a gaban kowa ba tare da kunya ba: ta ji yarinyar ta kira ta Kaka, kuma ta kwana a ɗakinta ko sau ɗaya, kamar jikokin kowa.

Sun sauka a Rijiyar Zaki, gidan Hajiya Sakinatu. Daga nan suka je Abuja wurin wani abokin karatunsa, suka je Kaduna ɗaurin aure, suka je Rimin Gado gaishe da dangin Fauziyya. Duk wannan muna ganinsa a hotunan da suke sawa a waya. An sa ranar zuwa ƙauye, aka ɗaga, aka sake sawa, aka sake ɗagawa. Kowane karo Hure takan yi daka ta dama fura, in yamma ta yi ta rarraba wa yaran maƙwabta. Sai ana jibi za su koma motarsu ta shigo garin bayan azahar, tayoyinta sun yi kaca-kaca da laka.

Ni ina zaure tare da sauran dattawa. Abin da ya faru a cikin gida na same shi ne daga Badaru da matarsa Sadiya, wadda take koyarwa a firamarenmu kuma tana jin Turanci sosai.

Da aka ce sun iso, Hure ta shige ɗaki ta saki asabari, kamar yadda ta saba. Kamaruddeen ya zo ya durƙusa a ƙofa.

“Inna, ina wuni.”

“Lafiya.”

“Mun same ku lafiya?”

“Lafiya lau. An sha hanya.”

Ya ɗan jira, bai ji ƙari ba, ya miƙe ya karkaɗe gwiwar wandonsa. An jera wa baƙi kujerun roba a gindin darbejiya, matan unguwa sun cika tsakar gida. Zakiyya, mai shekara tara a lokacin, tana zaune a jikin Hajiya Sakinatu. Sai ga Hure ta fito, ta bi ta gefen ɗanta kamar ba ta gan shi ba, ta nufi yarinyar.

“To, ga ƙawar tawa ta iso. Sai yau? Ina nan ina ta daka, kina can kina yawon birni. Tashi in gan ki. Waɗannan ƙafafu kamar sillen kara, me suke ba ki a can, ruwan zafi?”

Mata suka yi dariya. Wata maƙwabciya ta ce, “Inna, ki bi ta a hankali, kada ta kai ki ƙara wurin 'yan sandan Turawa.”

“Ta kai ni mana. In an tambaye ni sai in ce ba ta iya daka ba, ba ta iya damu ba, kuma ta zo wurin tsohuwa ko goro ba ta riƙo ba. Mu ga wanda za a ɗaure.”

Ta kama wuyan hannun yarinyar tana jawo ta. Zakiyya, wadda ba ta jin Hausa in ban da gaisuwa, ta fizge ta ɓuya a bayan Hajiya Sakinatu, tana kiran ta da kalmar da yaran Turawa suke kiran kakarsu. Fauziyya ta buɗe jaka, ta ciro 'yar kwalbar man tsabtace hannu, ta shafa wa 'yarta tun daga yatsu har inda Hure ta riƙe.

“Kada ki damu, Inna,” in ji Fauziyya. “Haka nake yi mata ko'ina muka je. Jikinta ba ya son sauyin wuri.”

Aka kawo furar a sabuwar ƙwarya. Fauziyya ta yi godiya, ta ce likita ya hana su shan abin da ba na roba ba. Hure ba ta nuna ta ji zafi ba. Ta dubi Fauziyya ta ce, “A bar mini ita ta kwana. Na sa gidan sauro. Da safe Badaru ya kai muku ita a mota har gida.”

Hajiya Sakinatu ce ta amsa, kuma ba ta rage murya ba.

“Ta kwana a ina, Hure? Yarinya ba ta san ki ba. Uban nata ma yaushe ya san ki? Shekara arba'in yana durƙusa miki kina kallon bango. Ni na yi wankinsa, ni na yi jinyarsa da ya yi ƙyanda, ni na tsaya a ƙofar makaranta. Ɗan da kika kasa ɗaga ido ki kalla, yau 'yarsa kike so a bar miki?”

A cikin matan da suke wurin akwai tsofaffi da dama da suka san wadda ta koya wa Hure kallon bango. Babu wadda ta tuna wa Hajiya Sakinatu.

Zakiyya ta ja rigar mahaifinta ta yi masa tambaya da Turanci. Hure ta waiwaya ga Sadiya.

“Me ta ce?”

Sadiya ta ce, “Tana tambaya ne ke wace ce, Inna.”

A nan Hure ta gane cewa duk shekarun da take karɓar waya da hannu biyu, ba a taɓa gaya wa yarinyar ko ita wace ce ba. Ta tsaya tana jira. Amsar ba a bakinta ya kamata ta fito ba, domin uwa ba ta cewa ita ta haifi ɗan fari. Wani ne yake faɗa mata. Kamaruddeen ya ciro wayarsa yana dubawa. Fauziyya tana gyara zip ɗin jaka. Hajiya Sakinatu tana jan carbi.

Sai Hure ta ɗaga kai ta dubi fuskar ɗanta sosai, a gaban kowa. Daga nan ta tsuguna a gaban yarinyar.

“Ni ce kakarki,” in ji ta. “Ni na haifi ubanki. Ni na haifi Kamaru, a ɗakin can da kike gani.”

Wata tsohuwa ta yi salati a hankali. Wata ta rufe bakinta da gefen mayafi. 'Yan matan da suke bakin rijiya suka kasa riƙe dariya. Hajiya Sakinatu ta girgiza kai ta ce, “Allah ya sa mu gama da hankalinmu. Hure, tsufa ne ya zo da wuri haka?”

Hure ba ta kula ta ba. Ta ce da ɗanta kai tsaye, ba ta hannun kowa ba, “Ka gaya mata.”

Ya sunkuya ya yi wa yarinyar magana da Turanci. Zakiyya ta dubi Hure, ta yi murmushi, har ta yarda aka shafa kanta. Hure ta miƙe tana goge ido da bayan hannu, ta ce ba komai in ba ta kwana ba, wani zuwan ta kwana. Abin da ya faɗa kuwa, kamar yadda Sadiya ta ji shi, shi ne: “Wata tsohuwa ce a danginmu. Ta ce ta san ni tun ina jariri. Ki yi mata murmushi, mun kusa tafiya.”

Sadiya matar ƙane ce, ba ta da bakin ƙaryata wan mijinta a gaban jama'a. Ta bi ta bayan ɗaki ta gaya wa Badaru. Da baƙin suka fito za su shiga mota, Badaru ya ja wansa zuwa gefen zaure, kuma wannan maganar da kunnena na ji ta.

“Yaya, me ya sa ba ka faɗa mata ba?”

“Yarinya tana da kakar da ta sani. Ba na son a rikita ta ana jibi tafiya.”

“Inna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ka ga yadda mata suke kallon ta?”

“Na gani. Ina shekara bakwai na jira sunan nan, Badaru. Ina shekara goma na jira shi. Yau da furfura a gemuna aka faɗe shi, kuma ba don ni aka faɗa ba.”

“Ka san al'ada ce. Ba ƙi ba ne.”

“Na sani sarai. Ni ma al'adar na bi. Wadda ta riƙe ni ita ce uwata.”

Ya yi mana sallama cikin ladabi, ya roƙi addu'a, ya shiga mota.

Kafin magariba labarin ya zaga ƙauyen. Ba maganar Hajiya Sakinatu aka riƙe ba, ba kuma man da aka shafa wa hannun yarinya ba. Abin da aka riƙe shi ne Hure ta ambaci sunan ɗanta. Yara suka mayar da shi waƙa, suna bi ta bayan katanga suna rera, “Ni na haifi Kamaru.” A gidajen suna da biki 'yan mata suna kwaikwayon tsugunon da ta yi. Waɗanda suka fi tsananta mata su ne sa'o'inta, matan da su ma suka yi shekaru suna kallon bango. Ɗaya daga cikinsu ta ce a gidan wani suna, Hure tana ji, cewa in mace za ta zubar da kunyarta, gara ta zubar tun tana amarya, kowa ya san matsayinta, da ta bari sai ta tsufa ta sa a raina sauran.

Hure ta jure. In Badaru ya ɗauki sanda zai kori yaran, takan hana shi. “Bar su su yi ta yi. Yarinyar dai ta ji, har ta yi mini dariya.” Badaru da Sadiya suka yanke shawara ba za su gaya mata abin da Kamaruddeen ya faɗa wa yarinyar ba.

Haka aka ci kaka, aka ci rani, har ƙaramar Sallah ta zo. Kamaruddeen ya kira da hantsi. Da aka kawo Zakiyya, Hure ta karɓi wayar.

“Ƙawata, kin manta da kakarki ko? Ina kayan Sallata?”

Yarinyar ta dubi gefe, inda ake gaya mata abin da za ta faɗa, ta ce da Hausar da ta haddace, “Barka da Sallah, Anti.”

Hure ba ta yi boko ba, amma ta san Anti. Haka yara suke kiran malamar makaranta da ma'aikaciyar asibiti da duk macen da ba su san dangantakarsu da ita ba. Ta miƙa wa Badaru wayar. Da la'asar, bayan masu yawon Sallah sun ragu, ta sami Sadiya tana wanke kwanuka.

“Sadiya, ke kina jin yarensu. Ranar nan, me ya ce da ita?”

“Inna, an daɗe. Na manta.”

“Ba ki manta ba. Ki ji tsoron Allah ki faɗa mini yadda ya faɗa, kada ki gyara.”

Sadiya ta faɗa mata, ba ta rage komai ba.

“Har da cewa ta yi mini murmushi?”

“Har da shi, Inna.”

Hure ta ce, “To, ai bai yi ƙarya ba. Na san shi tun yana jariri.” Ta ɗauki igiya ta tafi ɗaure awaki.

Yau Hure tana nan a gidan Badaru, ta haura shekara sittin. Idonta ya fara rauni, amma tana aikinta. Ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki, sai ta'aziyya, kuma ko a can akwai masu taɓa juna in ta shigo. Ba ta ƙara ambaton sunan ɗanta ba, kuma in an kira daga Ingila takan tashi ta bar wurin kafin a kawo yarinyar. Hajiya Sakinatu tana can wurinsu tun bara, ana duba mata ciwon ƙafa. Zakiyya ta shiga sakandare, kuma har yanzu ba a gaya mata wadda ta haifi mahaifinta ba.